Ranar Da Barci Ya Sace Toktosun

Toktosun magini ne. Shekara tara ya yi yana ɗora bulo a Mosko, ba ya zuwa ƙauyensu na gefen garin Batken sai da sanyi. In ya zo yakan tarar da yara fes, shayi a kan wuta, sai ya miƙe ƙafa ya ce wa matarsa Zuura ita kam ta more, tana zaune a inuwa shi yana can ƙanƙara na cinsa. Ba ta taɓa tanka masa ba.

Da ya faɗo daga bene ya karye a ƙugu, sai al'amari ya juya. Zuura ce ta tafi Mosko ta kama aikin ɗinki, shi ya zauna da yara uku: Ermek ɗan shekara biyar, Aizirek 'yar uku, sai auta Tolgonai da ba a daɗe da yaye ta ba. Mahaifiyarsa ta rasu tuntuni, babu wata mace a gidan.

Wata guda bai cika ba ya rame. Ya tatsi saniya, ya dawo ya tarar an zubar da madarar jiya a kan shimfiɗa. Ya yi wanki da ruwan sanyi mai gangarowa daga dutse har yatsunsa suka tsage. Aizirek ba ta haɗiye loma sai an yi mata waƙa, Tolgonai kuwa ba ta yarda a ajiye ta. Kitso ya gagare shi, ya ɗauko almakashi ya rage wa 'yan matan gashi. Maza a shagon shayi suka sa masa suna amarya, suna tambayarsa ina ya baro ɗankwalinsa. Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa. Akwai ranar da ya shige rumbun ciyawa ya rufo ƙofa, don kawai ya ji shiru.

Wata ranar bazara, bayan azahar, ya kishingiɗa a gadon katako ƙarƙashin inabi don ya miƙe baya. Bai san sa'ad da barci ya sace shi ba. Ko da ya farka, ƙofar gida a buɗe take, manyan biyu suna wasa da ƙasa, babu Tolgonai. A bakin ƙofar kuwa magudanar ban-ruwa ce, cike taf da ruwan ƙanƙarar da ta narke.

Ya bi ruwan yana ɗingishi. Bai yi nisa ba sai ga Salkin-apa, tsohuwar maƙwabciyarsu da ya daina gaisarwa tun da suka yi cacar baki kan rabon ruwan lambu. Ta rungumo yarinyar cikin mayafinta, duk sun jiƙe sharkaf. Tana ɗauraye kwanuka ta ga ruwa ya taho da jar riga, ta kai hannu ta cafko.

Ya tsaya kansa a ƙasa, yana jira ta wanke shi tas. Ita kuwa ta miƙa masa 'yarsa ta ce, "Ɗana, ba a yi mai renon da barci bai taɓa kayarwa ba. Je ka sauya mata kaya, ka ɗaga sakatar ƙofar nan sama."

Kwana uku yana ɓoye wa Zuura. In ta yi kiran bidiyo sai ya tura yara gaban wayar, shi ya koma gefe. Ran Lahadi da safe, ranar hutunta, ya daure ya faɗa mata komai, har da tsawon barcin da ya yi. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Lokacin Ermek yana ɗan shekara biyu, tana da tsohon cikin Aizirek, shi bai riga ya zo hutun sanyi ba, ta yi gyangyaɗi a gindin tanderu. Yaron ya fita cikin ƙanƙara ba takalmi, sai a garken tumakin mutane aka tsinto shi, leɓunansa sun yi shuɗi.

Ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa.

"Baban Ermek," in ji ta, "da wane baki? Cewa za ka yi ina zaune a inuwa ma na kasa."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Ya so ya roƙi gafara. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne sannu, kuma ya faɗa har sau uku. Ta yi 'yar dariya, ta ce ya nuna mata Tolgonai.

Gajiyar dai ba ta ragu ba. Har Zuura ta dawo bayan shekara biyu, yakan yi tsaki, yakan daka tsawa ya zo yana nadama. Sai dai in an shimfiɗa abinci, yaran uku suna rigima kan ɓawon burodi, yakan bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamdala a ransa kafin ya raba faɗan.

A shekarar da aka ceto Tolgonai, da lokacin kaka ya zo, ya ɗauki shebur ya shiga gonar Salkin-apa ya haƙe mata dankalinta kaf, ba tare da ta nema ba. Tsohuwar ta fito ta dudduba, ta yi ta mita wai ya sassare mata rabi, sannan ta ce ya kwaso yaran su zo su sha shayi.