Ɗalhatu Mai Agogo

Ɗalhatu mutumin Gumel ne, shekararsa tara a Dubai. Yana aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Port Saeed da ke kwashe tsofaffin finafinai daga faifai zuwa kwamfuta. Aikinsa shi ne ya kalli fim ya rubuta abin da ya faru a ciki.

Wata shekara aka kawo musu akwati goma sha ɗaya na finafinan da suka haura shekara ɗari, baƙi da fari, babu murya. Kusan duk labarinsu ɗaya. Wani mutum mai manyan idanu zai kaɗa agogon aljihu a fuskar wani bawan Allah, hankalinsa ya gushe, ya je ya sace sarƙar matar gwamna, ya farka bai san ya yi ba. Ɗalhatu ya kalli irinsu arba'in da uku. Ya taɓa rubuta wa manajansa cewa da mutanen nan sun rufe ido da an huta. Manaja ya ce ya cire wannan layin.

Ranar wata Juma'a shi da wasu Hausawa suna cin shinkafa a unguwar Al Rigga, ya ba da labarin aikinsa. Alhaji Labaran, ɗan kasuwar Kano mai sayen kayan mota, ya ajiye cokali. Ya sauke kaya a wani sito a Ras Al Khor, ya yar da takardar shaidar ajiyar, ya kuma manta wane sito ne.

"Malam Ɗalhatu, yi min irin na fim ɗin, ko na tuna."

"Alhaji, a fim sata ake sa mutum."

"Ni tunawa kawai nake so. Yalla, mu je."

Suka tafi gidan Ɗalhatu. Ba shi da agogon aljihu, sai ya ɗaure na hannunsa da igiyar takalmi, ya zaro ido iya ƙarfinsa ya fara kaɗawa. Kafin minti biyar Alhaji ya fara minshari. Sai bayan la'asar ya farka.

"Ka tuna?"

"Ban tuna ba. Amma rabona da barci irin wannan tun ina Fagge."

Siton dai direban da ya kai kayan ne ya nuna masa bayan kwana biyu. Alhaji bai faɗa wa kowa wannan ba, barcin kawai ya yi ta ba da labari.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci akan sami 'yan kasuwa huɗu ko biyar a miƙe a falon Ɗalhatu. Ya sha gaya musu ba shi da wani asiri, gajiya ce da sanyin na'ura. Sukan ce khalas, shi ke nan, ya dai kaɗa. Matarsa Khadijatu ta ce ba ta hana ba, amma kowa ya riƙa zuwa da matashin kansa.