Ranar Jarrabawar Ɗinki

Talata ce, shekaru kaɗan bayan soja sun miƙa mulki. Bakwai da rabi na fito daga gidanmu a Fagge, almakashi da tef a jakata. Ranar jarrabawarmu ce. Duk wadda ta ci, za a kai ta shagon tela ta fara aiki.

Makarantar ɗaki biyu ce a Sabon Gari. 'Yan kasuwar Kwari ke ba da yadi, wata ƙungiyar matan coci ta ba da ɗakunan da kekunan ɗinki. Dukkanmu 'ya'yan marasa ƙarfi ne. Ni babana ɗan dako ne. Madam Ngozi ke koya mana, kuma ba ta yafe karkataccen ɗinki.

Sha ɗaya da kwata ina haɗa hannun riga. Muka ji ana jan ƙofofin shaguna, ɗaya bayan ɗaya. Sai ihu daga titi. Sai warin taya. Kekuna suka yi tsit, ban da na ƙawata Rabi, don kurma ce. Madam ta je ta dafa hannunta.

"Kowa ta kwanta ƙasa!" in ji Madam.

Muka kwanta har azahar ta wuce. Ba mu ji kiran salla ba. Wajen ƙarfe biyu dutse ya fasa taga.

Madam ta fitar da 'yan Sabon Gari ta ƙofar baya. Mu 'yan Fagge ta karɓi mayafanmu ta cusa a buhun ƙyalle, ta shige gaba. Samarin unguwar riƙe da adduna sun tare lunguna. Ta riƙa yi musu magana da yarensu, tana cewa ɗalibanta ne. Shinge uku muka wuce haka.

A bakin babban titi ta miƙo mana buhun. Ita ba ta isa ta tsallaka ba.

"Ku ruga! Kada ku waiwaya!"

Muka ruga. Wasu masu bindiga suka yi tsawa kowa ya tsaya. Na durƙushe a kan kwalta. Rabi ta ci gaba da gudu. Harbi biyu na ji.

Da la'asar na isa gida, babana ya sa mu 'yan gidan a motar hatsi zuwa ƙauyen kawuna. Sati uku muka yi can.

Da na dawo, makarantar ta ƙone. Madam ta koma garinsu da yaranta. Mijinta bai samu fitowa daga shagonsa ba. Mu goma sha huɗu ne a ajin. Shida muka sake ganin juna. Rabi kuwa, an binne ta lokacin ba na gari.