Ranar da Aka Yi Gardamar Kano da Katsina a Kaina

Ran wata Laraba ce da kaka, a shekarar da na gama aji shida, mako biyu da fara cirar gyaɗa. Ina zaune a gindin rumbu da ƙwarya a gabana ina tsinkar gyaɗa, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Kafin in miƙe, ga sallamar Kawu Sule, yayan Innata, wanda yake koyarwa a birnin Katsina. Da ma tun jiya Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, ta sauka daga Kano da ledar burodi da lemo. Na san ba zumunci kaɗai ya haɗa su ba. Ƙauyenmu, can gefen Kunci, firamare ce kawai gare shi, kuma kowannensu ya riga ya aiko a ba shi riƙona in ci gaba da karatu a wurinsa. Makarantu har sun koma, Baba yana ta jan ƙafa don kada ya ɓata wa ɗaya. Ranar dai babu sauran wurin gudu.

Ni kuwa ba Kano nake so ba, ba Katsina ba. Duniyata ba ta wuce daga gidanmu zuwa rijiyar bakin masallaci ba, sai gonar Baba da nake kai fura da hantsi, ina ratsa gonakin mutane da suka manne da juna har ba ka gane iyaka sai da jerin gamba. In an gama cira mu bazu kalar gyaɗa ni da ƙawayena, mu dafa abin da muka samu a gwangwani. In mun dawo daga makaranta, wadda rabin azuzuwanta inuwar darbejiya ce, in yi surfe, in ba awaki dusa, sannan mu zauna 'yar carafke har a kira mu tankaɗe. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Inna. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Alkunya ke nan, da ita ake gane mace mai tarbiyya. Tun tasowata “ke” nake ji, in kuwa da baƙi, “waccan yarinyar”. Na san al'ada ce, an sha faɗa mini, amma yaro ba ya rasa kokwanto. Nakan ga ta ɗora ƙannena a cinya tana yi musu wasa, ni sai ta miƙo mini tsintsiya.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Na ja ƙwaryata na matso, na sunkuyar da kai kamar aikin ne ya sha mini hankali. Gwaggo ce ta fara, da ma ba ta iya jiran a ba ta dama ba. Ta ce, “Malam Sule, ai in ana so yarinya ta waye, Kano ake kai ta.” Ta kawo Dutsen Dala, ta kawo ganuwa da ƙofofinta, ta kawo kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ta nuna ni da baki ta ce ko gyaɗar da nake tsinka, ina ake kai ta tun zamanin kakanni? Kawu mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara tunzura mai faɗa. Ya gyara hularsa ya ce, “Hajiya, ku kasuwa kuka gada, mu ko ilimi muka gada. Ɗiyar nan karatu za ta, ba talla ba.” Ya lissafo hasumiyar Gobarau da manyan malaman da suka kwanta a birnin, da tsohuwar kwalejin da har 'ya'yan Kanawa sai da aka tura can suka koyo boko. Ya ƙara da cewa fataken hamada Katsina suka fara sani kafin Kano. Gwaggo ta ce to me ya koro su, in da daɗi? Baba yana tsakiya, wannan ya yi magana ya ce haka ne, waccan ta yi ya ce gaskiya ne.

Da a tarihi suka tsaya da da sauƙi, don ni duk sunaye ne kawai nake ji. Abin da ya tsorata ni shi ne da kowa ya koma tonon asirin garin ɗan'uwansa. Kawu ya ce a Kano mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya, kwata a ƙofar kowane gida, sauro ba rani ba damina, hayaƙin babura ya hana numfashi, yaro kuma in ya saki hannun babba a bakin titi sai dai a bi shi da cigiya. Gwaggo ta ce a Katsina rana ce ke dafa mutum da ransa, ruwa sai an yi da gaske, gari shiru kamar ana zaman makoki, kuma in ciwo ya yi tsanani ina suke kwaso marasa lafiyarsu in ba Kano ba? Su wasa ne rabin abin, har dariya suke yi a tsakani. Ni kuwa duk na haɗiye shi a matsayin gaskiya tsagwaronta. Na ga in an kai ni Kano mota za ta take ni, in an kai ni Katsina ƙishirwa za ta kashe ni. Don ruɗewa har na fara jefa ganyen cikin ƙwarya ina zubar da gyaɗar.

Ana cikin haka Iya ta ɗaga murya wajen madafi, inda Inna take tuƙa tuwo. Ta ce, “Binta, kina ji ana ta jan yarinyar nan, ba ki ce komai ba.” Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Kalma ɗaya nake jira, ko da “a bar ta sai baɗi” ce. Inna ba ta ko juyo ba. Ta ce, “Iya, ni me zan ce? Taku ce. Duk inda kuka ga ya dace.” Gwaggo ta yaba, ta ce mace ke nan mai kunya, Kawu ya yi murmushin jin daɗi don ƙanwarsa ta fita kunyar surukai. Ni kuwa na tashi na zaga bayan turken awaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Abin da na ɗauka shi ne an tambaye ta ko tana so na, ta ce ko oho.

Kawu ya koma da la'asar ba a yanke magana ba. Kwana uku na yi abinci ba ya wuce mini, ina satar kallon fuskar Inna ko zan ga wata alama, ita kuwa tana ta harkarta. Ran Asabar da safe Baba ya kira ni ya ce in haɗa kayana, zan bi Gwaggo Kano. Inna ta ƙulla ƙuli-ƙuli da yajin daddawa a leda, ta ba ƙanwata ta miƙo mini. Da muka zo fita ta ce, tana kallon bango, “A dai riƙa kula da titi.” Ko zaure ba ta rako ni ba. Na shiga mota da fushinta a zuciyata, kuma na daɗe ina riƙe da shi.

Kano ba ta cinye ni ba, ko da yake a kan sauro da kwata Kawu bai yi ƙarya ba. Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne yadda Inna, wadda da ko kasuwar Kunci ba ta zuwa, ta zama ba a suna ko gaisuwar rasuwa a dangin Kano ba ta zo ba, har na waɗanda sai an yi dogon bayani kafin a gano dangantakar. Ta biyo gidan Gwaggo ta zauna kamar awa ɗaya, ta ce, “Yaran gidan duk lafiya?” ba tare da ta dube ni ba, ta sha ruwa, kafin la'asar ta kama hanya. Ni a wautata cewa nake son biki ya kama ta da girma. In na gaishe ta sai in shige ɗaki in buɗe littafi.

Sai bayan rasuwarta, ina da ɗana na fari a hannu, Gwaggo ta ba ni labarin da ita ma daga baya Iya ta faɗa mata. Washegarin gardamar nan Inna ta aika a tambayo mata direban motar garinmu abu ɗaya: wane birni ne ake zuwa a dawo a yini guda? Aka ce Katsina sai an sauka a Bichi an sake mota, wani lokacin sai an kwana. Kano kuwa mota ɗaya ce, ta tashi da safe ta dawo da yamma. Ta san ba za a bar matar aure ta riƙa kwana a wani gari saboda sunan dangin nesa ba, amma yini ana bari. Sai ta je ta durƙusa gaban Iya ta roƙe ta ta ce Kano, kuma ta faɗa wa Baba kamar ra'ayin ita Iyar ne. Kawu ya ji haushi, ya daɗe bai tako gidanmu ba, Inna kuwa ba ta taɓa gaya masa dalili ba. Gwaggo ta share hawaye ta ce, “Ni ina ta fama da Dala da Kurmi, na zaci bakina ne ya ci.”

Yanzu a Kano nake zaune, aiki kuma yakan kai ni Katsina, kuma na ga kowanne da abin da ya fi ɗan'uwansa. In ina son hayaniya da samu, nan. In ina son iska da kwanciyar hankali, can. Gardamar ma ba ta mutu ba, ta koma cikin waya, yara suna yin ta da zafin da su Gwaggo ba su taɓa yi ba. Garinmu ya samu sakandare, ba a ɗauke yarinya don karatun ƙaramin aji, kuma iyaye mata na kiran 'ya'yan fari da sunansu a gaban kowa, har da ni. Ba na cewa zamaninsu ya fi namu, don na san abin da shirun nan ya ci mini. Amma nakan tuna matar da ta yi shekara shida tana shan rana a mota don ta zauna awa ɗaya kusa da ni ba tare da ta dube ni ba. Duk zuwan da ta yi, ban taɓa raka ta tasha ba.