Kawu Sahabi da Jahilar Kyamara

Duk wanda ya san Kawu Sahabi a Bungudu ya san bai taɓa yarda na'ura ta lalace ba. Tocila ce, rediyo ce, waya ce, sai ya kara ta a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, can ya ce, "Lahiyatta lau. Rashin tarbiyya ne." To, tsohon hedimasta ne, komai a wurinsa ɗalibi ne. Ni kuwa 'yar ƙanwarsa ce, kuma tun da na buɗe shagon gyaran waya a Gusau na rasa hutu.

Shekarar da aka sace masa ragon layya, ɗansa Bashar ya aiko da akwatin waifai da wata 'yar kyamara, a maƙala a garke, Kawu ya riƙa ganin sabon ragon ta waya. Na zo haɗawa, na ce ya zaɓi kalmar sirri. Ya gyara zaman hula ya ce, "Sa ƙwaƙƙwaranƙarfe. Kowace da ƙugiyatta, ina kallonki."

Na sa. Wayarsa ta hau, tawa ta hau, kyamara ta ƙi. Sai ƙyafta jar wuta take yi. Na yi, na yi, har zufa, sannan na gano matsalar.

"Kawu, wannan ba ta san baƙi mai ƙugiya ba. Sai mun canza."

"La ilaha illallahu! Ashe jahila anka aiko min! Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa ɗiyan mutane bambancin baki da baƙi, yau in rubuta kuskure don wagga aba?"

Sai da Inna Balki, matarsa, ta leƙo ta ce, "Malam, ƙugiya kake so ko rago?" Ya harari kyamarar. Can ya ce, "To, sa mata sunanta. Rubuta jahilarbanza."

Na rubuta. Wallahi, ta sake ƙi!

Wannan karon na san dalili. Akwatin sunaye biyu yake nunawa, ɗaya mai lamba biyu, ɗaya mai lamba biyar, su kuwa ƙananan na'urori irin wannan mai biyun kaɗai suke ji. Na yi masa bayani. Ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa.

"Wane mahaukaci ka barin biyar shi ɗauki biyu? Bar ta bisa biyar, ta koyi manyanci."

Washegari, ba shawara, ya naɗe kyamarar a tsohon rawani ya hau mota sai Tsafe, gidan amininsa Alhaji Mudi, don ya ji suna da irin akwatin. Can ɗan Alhajin ya gwada, nan take ta hau. Kawu ya dawo yana huci.

"Kin ga munahuka? Gidan mutane ladabi, gidana tsiya!"

Na bari ya shiga alwala, na yi wuf na mayar da ita kan mai biyun. Ya fito ya tarar da koriyar wuta, ga rago a waya yana tuƙa. Ya yi murmushi, ya shafa gemu.

"Kin gani ko, Injiniya? Tahiya mabuɗin ilimi. Ta je ta ga yadda 'yan'uwanta ka yi."

Na tattara kayan aikina. Wa zai ja da hedimasta?

Ba a yi nisa ba ya kira ni, murya a sama: jahila ta makance. Na rufe shago na taho. Na duba kyamara, lafiya. Na duba sola, da wuta. Na ce, "Ina akwatin?" Ya nuna adakar ƙarfen Inna Balki, da kwado a jiki. Wai ɓera ya fara gwaguyar wayar akwatin, shi ne ya adana shi a ciki, ya huda gefe ya zura wayar wuta.

"Haba Kawu! Ƙarfe ai tare sabis yake."

"Ji wata magana! Muryar Bashar ta ƙetare koguna da duwatsu tun daga Ikko, adakar Balki ce za ta gagare ta?"

Da ƙyar ya yarda a ɗaga murfin, shi ma kaɗan, aka tokare da muciya. Hoto ya dawo. Inna Balki ta ce yawwa, dama tana neman wanda ke buɗe garke rago ya cinye mata kuɓewar da take shanyawa, ta gaji da zargin jikoki. Bayan kwana kaɗan muka zauna mu uku muka duba abin da kyamara ta ɗauka. Sai ga mutum da farar jallabiya ya lallaɓo, ya waiga hagu da dama, ya zare sakata, har yana shafa wa ragon wuya yana nuna masa shanya.

Inna Balki ta juyo a hankali. "Malam?"

Ya tashi yana neman takalmi. "Gara sadda take jahila. Daga samun ilimi sai annamimanci!"

Mun yi dariya ranar har Inna ta riƙe ciki.

Da Kawu ya rasu, ina zaune a ƙofar ɗaki ranar sadakar uku, sai na ga matasan unguwa sun cika zaure, sun yi jugum. Ɗaya daga cikinsu ya ce min kullum da la'asar Kawu kan shimfiɗa musu tabarma, ya karɓi wayoyinsu ya sa musu kalmar sirrin waifai da hannunsa, su yi karatun jarrabawa. Sharaɗinsa ɗaya: kowa ya faɗa masa abin da ya koya kafin ya tashi. Ban taɓa sani ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sahabi, ya haskaka kabarinsa, ya karɓe shi da rahamar da ta fi wadda ya yi wa 'ya'yan mutane. Amin.