Da Hannun Hagu Ya Karɓa

Ya haura sittin, kuma shi ne mai awo a wani kamfanin sayen gyaɗa, in ji direbansu. A wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi na gan shi, ranar da Baturen kamfanin, wato manajansu, ya kwaso ma'aikata don su shaƙu da juna. Shaƙuwar kuwa ita ce bin gidajen da ake dafa burkutu, ana ɗanɗanawa.

Yana tsaye a gindin tsamiya, rigarsa wankakkiya ta koɗe a kafaɗa, ga tabon sallah a goshi. Samarin akawuna na ta dariya.

"Baba Tukur, kurɓi ɗaya dai! Manaja ya ce wanda bai ɗanɗana ba, ba namu ba ne."

Da gani, iyali mai yawa ke ci daga aikin nan. Bature ya miƙo ƙoƙo. Tsohon bai rusuna ba, ya sa hannun hagu ya karɓa. Dariya ta ɗauke. Baturen kaɗai ke murmushi: "Madalla, Baba!"

Tsohon ya kai ƙoƙon ga leɓɓansa a rufe, ya sauke. Can na hango shi a bayan motarsu shi kaɗai da buta, yana ta kurkure baki.