Ɗanɗanon Tsire a Maigatari

Hanyar Gumel

"Direba, taka ta don Allah!" Ummi na kan cinyata, leɓe ya kumbura, numfashinta na fita kamar usur. 'Yar yayata ce, shekararta biyar. Da asuba muka bar Ɗanzomo. Ni ba na iya zaman gida ranar kasuwa, shi ne na ce ta raka ni ta ga raƙuma.

Maigatari

Can abin ya faro. Wani mai tsire ɗan Damagaram ya yanko ɗanɗano, ya dangwala a wani abu rawaya da suke ce wa mutar, mai hawa hanci, ya miƙa wa Ummi. Wa ke mayar da ɗanɗano? Ni ya min daɗi, har na sayi kwalba guda ta tsaraba, na ba maƙwabcinmu Malam Sale ya wuce da ita gida. Ba mu kai tasha ba Ummi ta hau susa.

"Kawu, wuyana ya matse."

A mota wata tsohuwa ta ce borin jini ne, a shafa toka. Wani ya ce iska ce, ya fara tofi. A shinge jami'i ya leƙo, ya ga fuskarta, ya janye katakon da kansa.

"Ku wuce, ku wuce!"

Gumel

Muka haye adaidaita sai asibiti. Aka mata allura a cinya, ina ta safa da marwa a baranda, har numfashin ya daidaita.

"Me ta ci?" in ji likita.

Na faɗa masa.

"Jikinta ne ba ya karɓar mutar. In ta sake ci, ko lakuce ɗaya, zai iya fin na yau. Ta kwana nan mu gani."

Sai na tuna. Kwalbar! A gidanmu yara faranti ɗaya suke ci, kuma Yaya ba ta zubar da tsaraba. Na kira ta, waya ba ta shiga. Na tura mata saƙo:

"Yaya, muna asibitin Gumel. Ummi ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, har tana neman fanke. Kwalbar da Malam Sale zai kawo, abin da ke ciki ne ya kwantar da ita. Kar ki buɗe, kar ki ajiye, jefa ta masai. Faɗan kuma ki ajiye min, gobe ina zuwa."