Kunun Zaƙi a Tukunyar Dafa Shinkafa

Da azumin shekarar da na fara bin maigidana Guangzhou saro kaya, ya dawo daga kasuwar Canaan yana fara'a, wai ya gayyato 'yan Kano da 'yan Maraɗi shan ruwa gobe, har ya yi musu alkawarin kunun zaƙi.

Na ce, "Alhaji, a cikin me?"

Tukunyarmu ɗaya ce, 'yar ƙarama ta lantarki, ita ma a ɓoye muke kunna ta, don an hana girki a masaukinmu na titin Huanshi Lu.

Washegari da hantsi na kwaɓa garin geron da na taho da shi daga gida. In na sa ruwa daidai, ko rabin ƙullun ba zai shiga ba. Sai na rage ruwan, na cika ta har baki. Ya yi kauri kamar tuwo, yana ɓulɓula yana neman zubowa, ga takun matar mai masauki a baranda. Na toshe ƙasan ƙofa da zane har ta wuce.

Na juye a bokiti, na zuba ɗanyen ƙullu mai tsiron dawa da na keɓe, na rufe. Kafin la'asar ya saki, ya yi zaƙi, na ƙara ruwa na tace.

Baƙi suka shanye tas. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ce, "Alhaji, ka iya karɓar baƙi."

Ina jin sa ya amsa, "Ai ba wani abin wahala ba ne." Ina banɗaki a lokacin, ina kankare ƙanzo.